"AI A JARIDA NA GANI"

Karatu: Joshuwa 22:10-34, Luka 1:1-4, Fitowa 23:1

Akwai wata magana wadda ta zama kamar hatimin alkali a bakin mutanenmu. In gardama ta tashi a dandali, ko a tashar mota, ko a ƙofar majami'a bayan an tashi daga sujada, sai wani ya ce, "Ai a jarida na gani." Da faɗin haka magana ta ƙare, kowa ya ja bakinsa, sai ka ce abin da aka buga da tawada ba shi yiwuwa ya zama kuskure. Akwai kuma waɗansu da su kan taɓe baki su ce, "'Yan jarida duk maƙaryata ne, ba na jin tasu." Amma in mun lura da irin waɗannan, su ne kan fara haɗiye labarin da aka raɗa musu a kasuwa, ba su ko tambayi inda ya fito ba.

Dukansu biyu sun sauƙaƙa wa kansu aiki ne. Na fari ba ya so ya yi tunani, na biyu ba ya so ya yi karatu. Mu kuwa da mu ke bin Ubangijin gaskiya, ba a ba mu izinin bin ko ɗaya daga cikinsu ba. Sabo da haka tambayarmu ta wannan wata ita ce: har ina ya kamata mai bi ya amince da labarin da ya karanta, me kuma Allah zai tambaye shi a kan labarin da ya ɗauka ya kai gaba? In mun ce jarida, muna haɗawa da rediyo da talabijin da labarun da ke shigowa ta wayar hannu, gama duk aikinsu ɗaya ne.

Labarin Da Ya Kusa Jawo Yaƙi

Bari mu fara da Littafin Joshuwa, sura 22. Bayan an gama yaƙe-yaƙen ƙasar Kan'ana, Joshuwa ya sallami kabilar Ra'ubainu da ta Gad da rabin kabilar Manassa su koma gādonsu a gabashin Urdun. Da suka kai bakin kogi, sai suka gina wani babban bagadi. Labari ya kai wa sauran Isra'ilawa, suka ɗauka 'yan'uwansu sun yi wa Ubangiji tawaye, sun gina wa kansu wani wurin hadaya dabam. Nan da nan jama'a duka suka taru a Shilo da niyyar yaƙi.

Ku lura da kyau, labarin nan ba ƙarya ba ne. An gina bagadi, kowa yana iya zuwa ya gan shi da idonsa. Inda kuskure ya ke, cikin fassarar da aka yi wa bagadin ne. Abin da ya ceci al'ummar a ran nan kuwa shi ne, kafin a zare takobi sun aiki Finehas ɗan Ele'azara firist tare da shugabanni 10 su je su tambaya. Mutanen gabas suka bayyana musu ba don hadaya suka yi ginin ba, sun yi shi ne ya zama shaida, don kada wata rana jikokin na yamma su ce wa jikokinsu ba su da rabo cikin Ubangiji. Ashe abin da aka zaci tawaye ne, alamar riƙon bangaskiya ce. Finehas ya koma da amsa, jama'a suka yabi Allah, ba a zub da jinin kowa ba.

Da a ce sun tsaya a kan "ai mun ji", da ɗan'uwa ya kashe ɗan'uwa, kowannensu yana tsammani yana yi wa Allah hidima. Mutum 11 da suka yi tattaki suka yi tambaya sun fi rundunar Shilo duka amfani. Matambayi ba ya ɓata.

Ta Ina Kuskure Ya Ke Shiga?

Da yawa cikinmu ba mu taɓa shiga gidan jarida ba, shi ya sa mu kan ga kamar labari yana saukowa ne a shirye. Ba haka ba ne. Wakili ya kan je wurin da abu ya faru, sau da yawa kuwa bayan an riga an watse, ya ji daga bakin waɗanda suka gani, ko waɗanda suka ji daga waɗanda suka gani. Ya rubuta ya aika. Edita ya rage shi don ya dace da filin da ya saura a shafi. Wani dabam, wanda bai je wurin ba, shi ke sa masa kanu. In da Turanci aka fara rubutawa, sai wani kuma ya juya shi zuwa Hausa. Duk wannan ana yinsa ne da dare, agogo yana tafiya, motocin rarrabawa suna jira a ƙofa. Ruwan da ya fito daga rijiya ya bi ta guga da tulu da randa da moɗa, ba abin mamaki ba ne in an sami ɗan haki a ciki. Muna iya ambaton ƙofofi huɗu da kuskure ya kan bi.

Ƙofa ta fari ita ce tuntuɓen hannu. A shekarar 1631 masu ɗab'i na Sarkin Ingila a Landan, Robert Barker da Martin Lucas, suka buga Littafi Mai Tsarki, amma a doka ta bakwai, cikin Fitowa 20:14, suka tsallake 'yar kalmar nan ta hani, wadda a Hausa mu ke cewa "kada". Doka mai hana zina ta koma kamar tana umarni da ita. Aka ci su tarar fam 300, aka ƙwace musu izinin ɗab'i. Maganar Allah ba ta da aibi, amma hannun mai jera haruffa hannun ɗan adam ne. In kuwa haka ta faru da littafin da a ke duba shi da tsoro da rawar jiki, ina ga takardar da a ke haɗawa cikin dare ɗaya? Irin wannan kuskure, na suna ko na lamba ko na kwanan wata, shi ne mafi yawa, shi ne kuma ya fi cancantar a yi masa uzuri.

Ƙofa ta biyu ita ce gaggawa. Ko wace jarida tana so a ce ita ta fara kawo labari. A daren 14 ga Afrilu 1912 babban jirgin ruwan nan Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a tekun Atlantika. Saƙonnin wayar iska suka cuɗe da juna, washegari waɗansu jaridu suka buga cewa an ceci kowa da kowa, ana ma jan jirgin zuwa tashar Halifax a ƙasar Kanada. Iyalai suka yi hamdala, alhali kuwa jirgin yana ƙarƙashin teku, mutum fiye da 1,500 sun hallaka. Haka kuma a Amurka, ran 3 ga Nuwamba 1948, jaridar Chicago Daily Tribune ta fito da manyan haruffa cewa Dewey ya ka da Truman a zaɓen shugaban ƙasa, don ta shiga injin bugawa tun ba a gama ƙidayar ƙuri'u ba. Truman ne ya ci, har aka ɗauki hotonsa ya ɗaga jaridar yana dariya. A nan gida ma, cikin watan Nuwamba 1989, jaridu suka ba da labarin rasuwar Dokta Nnamdi Azikiwe, har aka fara zancen kwamitin jana'iza. Dattijon, wanda shi kansa tsohon ɗan jarida ne, yana nan da ransa, bai rasu ba sai ran 11 ga Mayu 1996.

Wannan ya kan tuna mana da Ahimawaz cikin 2 Samuila 18. Bayan yaƙin da aka yi da Absalom, Yowab ya aiki wani Bakushe ya kai wa Sarki Dauda labari, amma Ahimawaz ya nace sai shi ma ya yi gudu, har ya riga Bakushen isowa. Ya faɗi labarin nasara, amma da sarki ya tambayi lafiyar ɗansa, sai ya ce shi dai ya ga hargitsi ne. Sarki ya ce ya koma gefe ya tsaya, sai da na baya ya iso aka ji magana duka. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya fara isowa ba kullum shi ke ɗauke da cikakken labari ba.

Ƙofa ta uku ita ce zato, watau a ga abu ɗaya, a ƙara masa wani daga kai. Ita ce ƙofar da jama'ar Shilo suka kusa faɗawa. Cikin Ayyukan Manzanni 21:27-31 waɗansu mutane sun ga Bulus a gari tare da Tarofimas mutumin Afisa, daga baya suka ga Bulus cikin Haikali, sai suka ɗinke biyun wuri ɗaya, suka ta da murya cewa ya shigo da baƙi wuri mai tsarki. Gari duka ya ruɗe, saura kaɗan a kashe manzon. Ko wane rabi na labarin gaskiya ne, ɗinkin ne ƙarya. Wannan ya fi tuntuɓen hannu haɗari nesa ba kusa ba, gama mai karatu ba ya ganin inda aka yi ɗinkin.

Ƙofa ta huɗu ita ce kuɗi da son zuciya. Cikin Matta 28:11-15 mun karanta yadda manyan firistoci suka ba sojoji masu tsaron kabari kuɗi mai yawa don su baza cewa almajirai ne suka sace jikin Yesu suna barci. Labarin da aka saya da kuɗi ba sabon abu ba ne. A ƙasarmu kowa ya san zancen 'yar ambulan da a kan miƙa wa waɗansu manema labarai bayan taro, da sunan kuɗin mota ko na goro. Wanda ya ci goron mutum kuwa da wuya ya faɗi aibinsa. Ko wace jarida kuma tana da mai ita, mai ita yana da abokai, yana da abokan gaba, yana da masu ba shi talla. Wani lokaci kuwa neman suna ne. A shekarar 1980 jaridar Washington Post ta Amurka ta buga labarin wani yaro ɗan shekara 8 wanda aka ce ya kamu da shan muguwar ƙwaya. Hukuma ta yi ta neman yaron ba ta same shi ba. A shekarar 1981 aka ba marubuciyar babbar lambar yabo ta Pulitzer, cikin 'yan kwanaki ta bayyana cewa babu yaron, ƙaga shi aka yi, aka mai da lambar. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

To, Sai Mu Yar Da Jarida?

Ko kusa. Macen da ta ga ƙaiƙayi da tsakuwa cikin dawa ba ta kan zubar da dawar ba, ba ta kuwa kan kai ta niƙa haka nan ba. Sheƙewa ta ke yi, ta tsince, sa'an nan ta ciyar da gidanta.

Mu tuna fa, jarida ta fari a ƙasar nan a hannun mai bishara ta fito. Henry Townsend na mishan ɗin C.M.S. shi ya fara buga Iwe Irohin a Abeokuta a shekarar 1859, ana sayar da ita wuri 120, nufinsa kuwa mutane su saba da neman sani ta wurin karatu. A nan Arewa, sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne jita-jitar da ta bazu a ƙasa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Watau an kafa jarida ne ta zama maganin jita-jita. Inda babu jarida, ƙarya ba ta raguwa, sai dai ta rasa mai ƙaryata ta. Labarin kasuwa ba shi da suna, ba shi da adireshi, ba a kai shi ƙara. Jarida kuwa tana da suna da ofis da edita, ana iya rubuta mata, ana iya kai ta gaban shari'a.

Kada kuma mu yi wa 'yan jarida kuɗin goro, gama ba a taru an zama ɗaya ba. Cikinsu akwai waɗanda suka sha ɗauri, akwai waɗanda suka rasa rai a bakin aikinsu. Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, an kashe shi a gidansa a Legas ran 19 ga Oktoba 1986 da bom da aka aiko cikin ƙunshin wasiƙa. Wanda ya ce dukansu maƙaryata ne, shi ma ya yi shaidar zur.

Wata alamar jaridar kirki ita ce ta kan gyara kuskurenta a fili. A watan Janairu 1920 jaridar New York Times ta yi wa masanin nan Robert Goddard ba'a, ta ce roka ba za ta iya tafiya a sararin da babu iska ba. Ran 17 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 yana kan hanyarsa zuwa wata, jaridar ta buga gyara. Shekara 49 ta yi yawa, amma dai an yi. In kun ga jaridar da ba ta taɓa buga gyara ba, kada ku ce ba ta kuskure. Ku ce ba ta jin kunya.

Ma'aunin Mai Karatu

Allah ya bar mana gurbi mai kyau cikin Luka likita. A farkon Bishararsa ya gaya wa Tiyofalas yadda ya yi aikinsa: ya nemi waɗanda suka gani da ido, ya bi diddigin ko wane abu tun daga tushe, ya jera su bi da bi, don mai karatu ya sami abin da zai tsaya a kai. Mutanen Biriya kuma an yabe su cikin Ayyukan Manzanni 17:11 don sun karɓi wa'azi da marmari, duk da haka suna duba Littattafai kullum su ga ko haka ne. In an yabi masu auna wa'azin manzo, ba za a zargi mai auna labarin jarida ba. Ga tambayoyi shida da za mu riƙe.

1. Wa ya faɗa? In an kama sunan mai magana da matsayinsa, da sauƙi. In kuwa "an ce" ne, ko "wata majiya", sai mu rage masa nauyi. Sanballat ya aika wa Nehemiya buɗaɗɗiyar wasiƙa yana cewa ana ta faɗi cikin al'ummai wai yana shirin tawaye (Nehemiya 6:5-9). Nehemiya bai razana ba, ya gane ƙage ne don a karya masa gwiwa.

2. Shaidu nawa ne? Shari'ar Musa ba ta yarda a yanke wa mutum hukunci da bakin shaida ɗaya ba, sai biyu ko uku (Kubawar Shari'a 19:15). Amma a kula, jaridu 10 da suka kwafo daga wuri ɗaya ba shaidu 10 ba ne, shaida ɗaya ce aka maimaita.

3. An ji ta bakin wanda a ke zargi? Misalai 18:17 ya koya mana mai fara kai ƙara ya kan yi kamar shi ke da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo a ke ganin sauran. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

4. Wanne ne abin da ya faru, wanne ne ra'ayin marubuci? An gina bagadi, wannan labari ne. An gina shi don tawaye, wannan fassara ce. Kada kuma mu tsaya a kan kanu, gama kanu kiran kasuwa ne, kaya suna ciki.

5. Yaushe aka ƙidaya? Lissafin ranar farko, musamman na waɗanda suka mutu cikin haɗari ko rikici, ya kan sāke. An gaya wa Dauda cewa Absalom ya kashe 'ya'yan sarki duka, har ya yage tufafinsa ya kwanta a ƙasa, ashe Amnon ne kaɗai (2 Samuila 13:30-33). A ba labari kwana biyu ko uku ya nuna.

6. Me ya sa na ke so labarin nan ya zama gaskiya? Wannan ita ce mafi wuya. Labarin da ya ɓata jam'iyyar da ba mu so, ko kabilar da mu ke jin haushi, ko addinin da ba namu ba, shi ne ya kan wuce ba a bincike shi ba. Wanda ya yi mana daɗi ƙwarai, da wanda ya tafasa mana jini, su ne za mu auna sau biyu.

Da wannan ma'auni za mu ga amsar tambayarmu ta fari. Abin da ya faru a fili, wanda mutane da yawa suka gani, kamar ranar jarrabawa, ko hukuncin da kotu ta karanta, ko wanda aka rantsar, jaridar kirki da wuya ta yi kuskure a kai, in ma ta yi za a kama ta da wuri. A nan muna iya amincewa da ita. Amma abin da ke cikin zuciyar mutum, da dalilin da ya sa aka yi abu, da adadin gawa a ranar tashin hankali, da maganar da aka yanko daga dogon jawabi, a nan sai mu riƙe da hannu sake-sake har a tabbatar.

Alhakin Mai Kai Labari Gaba

Yanzu mun zo wurin da maganar ta shafe mu kai tsaye. Fitowa 23:1 ta hana mu baza labarin ƙarya, ta kuma hana mu haɗa hannu da mugu cikin shaidar zalunci. Dokar ba ta tsaya kan wanda ya ƙago ba, ta haɗa da wanda ya ɗauka. A dā sai mai injin ɗab'i ke iya watsa labari ga dubbai. Yau duk mai waya a aljihu ya zama edita, ba shi kuwa da mai duba masa aiki sai lamirinsa.

Ba wanda zai manta da watan Yuni 2018 a Jihar Filato. Ran 23 ga wata aka kai hari ƙauyuka a yankin Barikin Ladi. 'Yan sanda suka ce mutum 86 aka kashe, waɗansu kuwa suka ce sun fi 200. Baƙin cikin gaske ne, iyalai da yawa na ekklesiya har yanzu suna ɗauke da tabonsa. Amma a cikin kwanakin nan aka riƙa yaɗa hotuna masu ban tsoro a Facebook, ana cewa daga ƙauyukan aka ɗauko su. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba 2018 ya nuna ɗaya daga cikin hotunan bidiyon ba a Nijeriya ma aka ɗauke shi ba, a Kwango Barazabil ne, tun shekarar 2012. Binciken ya kuma ce ran 24 ga Yuni matasa sun tare hanya suna neman Fulani Musulmi, aka fizgo mutum 11 daga motoci aka kashe. 'Yan'uwa, wanda ya tura irin hoton nan bai riƙe adda ba, amma zai iya tsayawa gaban Allah ya ce hannunsa ba ya ciki?

A cikin kwanakin nan ne kuma wani dattijo, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, ya ɓoye mutum 262 masu gudun tsira a masallacinsa da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Wannan labari gaskiya ne, har gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a shekarar 2019. Bari kowa ya tambayi kansa, tsakanin hoton ƙarya da labarin limamin nan, wanne ne ya fi saurin yawo cikin wayoyin masu bi, don me kuma?

Muna roƙon 'yan'uwanmu fastoci da masu bishara da dattawa musamman. Mutane su kan ɗauki abin da aka faɗa daga bagadi kamar an riga an tace shi. Kada mu hau da labarin da ba mu tabbatar ba, ko cikin wa'azi, ko cikin sanarwa, ko da sunan roƙon addu'a. In jama'a suka gane labarin da mai wa'azi ya kawo ran Lahadi na ƙanzon kurege ne, gobe in ya ce Kristi ya tashi daga matattu, da wane kunne za su ji shi? Ko cikin ekklesiya ta fari an taɓa juya maganar Ubangiji kansa, har zance ya bazu tsakanin 'yan'uwa cewa wani almajiri ba zai mutu ba, sai da mai rubuta Bishara ya tsaya ya gyara (Yohanna 21:23). Zaman mutum mai bi ba ya mai da jita-jitarsa gaskiya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ga kuma aikin da ya rage. In mun ga jarida ta yi kuskure a kan abin da mu ka sani sarai, mu rubuta wa edita da ladabi, mu kawo hujja, mu sa sunanmu. Makaranta da ekklesiya su koya wa yara yadda a ke karanta labari, kamar yadda a ke koya musu auna hatsi. Matasanmu da Allah ya ba su baiwar rubutu kuwa, kada mu hana su aikin jarida. Ƙasa tana bukatar 'yan jarida irin Luka, masu bin diddigi, waɗanda ba a sayen alƙalaminsu.

Labari ɗaya ne mu ka jingina ranmu a kansa ba da shakka ba, shi ne bisharar Yesu Kristi. Ita ma ba a ce mu karɓe ta ido rufe ba. Bulus ya jera wa Korintiyawa shaidun tashin Ubangiji, har da 'yan'uwa fiye da 500 da suka gan shi a lokaci ɗaya, ya kuma ce yawancinsu suna da rai a sa'ad da ya ke rubutu (1 Korintiyawa 15:3-8), watau mai shakka ya je ya tambaye su. Mutanen da aka danƙa wa irin wannan labari, ya wajaba a san su a gari da cewa in sun ce abu ya faru, to, ya faru. Kafin mu yi fushi, kafin mu tura, kafin mu hau bagadi, bari mu fara aiken Finehas.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah na gaskiya, ka tsare kunnuwanmu daga ruɗi, ka tsare bakinmu da hannuwanmu daga ɗaukar ƙarya. Ka ba 'yan jaridar ƙasarmu tsoronka da ƙarfin hali, ka kiyaye rayukansu, ka biya musu bukatunsu ta hanyar halal. Ka ta'azantar da dukan waɗanda labarin ƙarya ya raba su da nasu. Ka mai da mu amintattun shaidu a gida da kasuwa da majami'a, cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.